Kwamin Rabin Tudu

Dokoki biyu bakaniken ya ba ni ranar da ya kawo motar daga Coventry, ni kuwa na karya duka biyun cikin minti guda.

A watan Afrilun 1903 abin ya faro. Lokacin shekarata talatin da ɗaya a gidan Likita Lingen na ƙauyen Hopesley, ni ke kula da barga, ni ke tuƙa masa keken doki duk inda ciwo ya kira shi. Wata safiya ya shigo barga yana kame-kame, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Preece, na sayar da Damson."

Damson goɗiyarmu ce, shekara goma sha huɗu tana jan mu. Na ajiye buroshin da ke hannuna.

"Me ta yi, ranka ya daɗe?"

"Ba ta yi komai ba. Sabon likitan nan na Bishop's Castle mota gare shi. Kafin mu gama ɗaura wa Damson kaya ya je ya duba mara lafiya ya dawo ya sha shayi. Ka koyi tuƙi, Jabez. Ba na son baƙuwar fuska a gidana."

Idan ya bar Preece ya kira ni da sunana na yanka, Jabez, to magana ta ƙare.

Motar 'yar ƙarama ce, koriya, kujera biyu, babu rufi. Injinta silinda ɗaya ne tak, saboda haka bugu ɗai-ɗai take yi kamar zuciya: tuf, tuf, tuf. Bakaniken, wani mai gashin baki da baƙin mai har gwiwar hannu, kwana uku ya yi yana koya mini. Da zai tafi ya dafa kafaɗata.

"Baba, abu biyu. Kafin ka murɗa ƙarfen nan na gaba don ka tayar da ita, ka mayar da wannan ɗan hannun wutar baya. In ka bar shi a gaba, za ta yi maka harbin da babu dokin da ya taɓa yi maka. Na biyu, kada ka kuskura ka tsaya a kan tudu. Ka kwaso gudu tun daga ƙasa, ka bar ta ta yi ta haki har ƙoli. In ta tsaya a tsakiya ba ta da ƙarfin sake ɗagawa, birkinta kuma ba ya riƙo sosai idan baya take son komawa."

"Ba a ba ta hutu ko kaɗan?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ba doki ba ce, Baba. Ba ta da huhu."

Kafin mako ya zagayo mutanen Hopesley sun raɗa mata suna Mai Tari. In na wuce ƙofar maƙera sai a ɗaga murya: "Jabez, ka kai ta wurin Likita mana, ai a gidanku yake!" Likita kuwa bai taɓa taɓa ƙarfen murɗin nan ba. Cewa yake hannunsa ba nasa ba ne, na mutanen Hopesley ne.

Wadda ta fi kowa tsokanata 'yata ce, Kezia. Ita kaɗai gare ni. Uwarta ta rasu tana da shekara tara, a barga ta girma tana riƙe mini fitila. Ta auri Eli Gittins, mai kiwon tumaki a can saman Tudun Gwatkin, kuma a wannan shekarar tana ɗauke da cikin fari. Ranar kasuwa ta tarar da ni sanye da tabarau irin na masu mota, ta tsaya ta kama ƙugu.

"Baba! Wa ya mayar da kai kwaɗo?"

"Ke dai ki bi a hankali, kada dariya ta sa ki haihu a bakin titi."

"In na haihu a nan ai kai za ka karɓa. Wace goɗiya ce a yankin nan ba ka karɓi haihuwarta ba?"

Gaskiya ta faɗa. Hannuwana ƙanana ne kamar na mace, shi ya sa duk manomin da goɗiyarsa ko tunkiyarsa ta kasa haihuwa ni yake aiko wa.

Ta shafa gefen motar. "Ni dai ina son ta. Daga tagar kicin ɗinmu ina jin tarinta tun kuna kwari. Ranar da naƙuda ta zo, kunne zan kasa. Da na ji tuf-tuf na san kun taho."

Hanya biyu ce ke zuwa gidansu. Akwai ta kwari mai zagaye, mil goma sha biyar, akwai kuma mai hawa Tudun Gwatkin kai tsaye, mil shida. Duk tsawon watannin nan ta kwari nake bi da mota, Likita bai taɓa tambayata dalili ba, don ya sani.

A rabin tudun akwai kwamin ruwa na dutse inda dawaki ke sha. A shekarata ta biyu a gidan Likita, ina saurayi mai ji da kansa, na kori wani doki mai suna Major ya hau tudun nan ba tare da tsayawa ba. Saura kaɗan mu kai ƙoli ya durƙusa, jini ya zubo ta hanci, ya mutu kansa a kan cinyata. Tun daga ranar ban ƙara wuce kwamin nan ba. In tsaya, in sauka, in sa dutse a bayan ƙafar keke, in ƙirga ɗari. Likita ya zaro agogo ya yi ta gunaguni, amma bai taɓa hana ni ba.

Ranar Laraba ce, tsakiyar Oktoba, bayan an kwana uku ana ruwa. Wajen ƙarfe goma na safe Cadwallader mai raba wasiƙu ya faɗo tsakar gida da kekensa, taɓo har wuya.

"Ina Likita? Jabez, Kezia ce! Martha Tudge ungozoma ta ce tun asuba ake abu ɗaya, ɗan ya zo a gicciye. Ta ce a zo yanzu-yanzu!"

Na mayar da hannun wuta baya, na murɗa, ta tashi a karo na biyu. Likita ya fito da jakarsa, ko hula bai ɗauka ba.

"Ta kwari?" na tambaya.

"Ruwa ya shafe gadar kwari," in ji Cadwallader. "Da ƙyar na tsallako."

Likita ya dube ni. "Tudu, Preece."

Mil huɗun farko ban san yadda muka yi su ba. Kaji na watsewa, taɓo na fallatsa mana a fuska, Likita ya rungume jaka da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe gefen kujera. Da muka hango gindin tudun na buɗe mata wuta gaba ɗaya, yadda aka koya mini. Ta afka wa hawan da ƙarfinta.

Tuf-tuf-tuf-tuf.

Muka wuce ƙofar gonar farko. Na sauya mata zuwa ƙaramin giya. Muka sha kwana, hanyar ta miƙe tsaye kamar bango.

Tuf, tuf, tuf.

"Haka, haka!" Likita yana faɗa. "Kada ka saki!"

Tuf... tuf...

Tsakanin bugu da bugu sai ka ce ba za ta sake yi ba. Duk jikinta rawa yake, zafinta na dukan ƙafafuna, tururi na tashi a gaba. Na san wannan hakin. Na taɓa jin sa sau ɗaya, a wannan hanyar, shekara ashirin da tara da suka wuce. Sai ga kwamin a hannun hagu, ruwa na malala daga bakinsa.

Na sha faɗa wa kaina cewa ban yi shawara ba, kuma gaskiya ne. Hannuwana ne suka yi. Suka rage mata mai, suka cire giya, suka ja birki. Har bakina na ji yana cewa, "Sannu yarinya, huta."

Ta yi tari biyu ta mutu.

Shirun da ya biyo baya, ruwan kwami kaɗai ake ji.

"Me ka yi?" Likita ya faɗa a hankali. Sannan ya daka tsawa: "Jabez, me ka yi!"

Motar ta fara zamewa baya. A bayanmu kwana ce, bayan kwanar kuma rami. Na kama birkin da hannu biyu na ja da duk ƙarfina, ta tsaya tana ƙara.

"Dutse, ranka ya daɗe! Sa dutse a taya in sauko!"

Bai ji ni ba. Ya riga ya diro ya zagaya gaba, mutumin da bai taɓa taɓa ƙarfen nan ba ya damƙe shi da hannun dama. Idona ya sauka kan ɗan hannun wutar. Yana can gaba inda na tura shi a gindin tudu, ni kuwa ba ni da hannun da zan mayar da shi.

"Likita, tsaya!"

Ya murɗa. Ƙarfen ya dawo masa. Ƙarar kamar an taka busasshen reshe.

Bai yi ihu ba. Ya zauna cikin taɓo yana kallon wuyan hannunsa da ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Can ya miƙe, ya turo dutse da ƙafa ya tokare tayar. Na sauko, na tayar da ita, na hau na sa giya. Ta yi gaba taku ɗaya ta mutu. Na sake, ta sake. A karo na uku ya ce, "Bar ta. Ɗaure mini hannun nan da gyalena, ka ɗauki jaka."

Mil ɗaya da rabi ya rage. Likita shekararsa sittin da huɗu, ga jiki, ga karaya. Sau biyu yana faɗuwa, a na biyun sai da na watsa masa ruwan kududdufi a fuska. Na ce bari in ruga in kawo dokin Eli, ya ce in na bar shi a nan ba zai tashi ba. Haka na saɓa hannunsa mai lafiya a wuyana muka yi ta jan jiki.

Eli na tsaye a ƙofar shinge, idanu jawur.

"Mun ji ku! Tun kafin sha ɗaya muka ji ku! Ga shi sha biyu ta wuce, ina kuka tsaya?" Sai ya ga hannun Likita, ya buɗe mana ƙofar.

A ɗakin sama Kezia na kwance, fuskarta fari fat, gashinta ya jiƙe ya manne a goshi. Ta daina ihu, nishi kawai take. Martha Tudge ta ɗago hannuwanta da sanyin ƙashi ya murɗe, tana kuka.

"Na gwada, Likita. Yatsun nan sun ƙi."

Likita ya duba da hannun hagu, ya daɗe. Ya juyo.

"Preece, tuɓe kwat. Wanke hannu har gwiwa da ruwan zafi, ka zuba maganin kwalbar nan mai ruwan ƙasa."

"Ranka ya daɗe, 'yata ce."

"Na sani, ni na karɓi haihuwarta. Sai an juya ɗan, kuma hannu ɗaya ba ya juyawa. A gidan nan kai kaɗai ka taɓa yi."

"Uba?" Martha ta dafe ƙirji. "Ba a taɓa yi ba! Me za a ce a coci?"

"Martha, rufe mini baki ki riƙe fitila. Ki lulluɓe ta da zanen gado. Eli, fita."

Ya ɗiga maganin barci a kan ƙyalle ya kara mata a hanci. Na durƙusa a gindin gadon, na rufe ido. Da ido a rufe nake yi a barga, hannu ya fi gani.

"Ƙafa za ka nema," yana faɗa a kunnena. "Ba hannu ba. Ka ji dunduniya? Bi a hankali. Jira ciwon ya lafa. Yanzu."

Ban san lokacin da na fara yi mata magana ba, irin wadda nake yi wa goɗiya. "Haka, 'yar albarka. Saura kaɗan. Ina nan." Na sami ƙafa ɗaya, ta kuɓuce. Na sake samu, na samo ta biyu. Na ji ɗan ya juya a ƙarƙashin tafin Likita kamar kifi a ruwa.

Mace ce. Ta fito shuɗiya, ba motsi. Martha ta fara addu'a. Ni kuwa na share mata baki da ɗan yatsa, na ɗauki tawul na yi ta murza bayanta da ƙarfi yadda ake yi wa ɗan doki, na hura mata iska a hanci. Sau ɗaya. Sau biyu. A na huɗu ta yi atishawa, ta tsala kuka.

Daga ƙasan bene na ji Eli ya fashe da kuka shi ma.

Na juyo ina murmushi, sai na ga fuskar Likita. Zanen gadon yake kallo. Jan ya wuce inda ya kamata, kuma yana ci gaba.

"Danna nan. Da ƙarfi. Kada ka saki sai na ce."

Na danna. Ya ba ta magani a cokali, ya sa aka ɗaga ƙafafun gadon a kan littattafai, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Duk abin da hannu ɗaya zai iya ya yi, abin da ba zai iya ba ya faɗa mini na yi. Ta riga ta gaji tun kafin mu zo, jinin ya ƙi tsayawa.

Wajen ƙarfe biyu ta farka. Aka sa mata jaririyar a ƙirji, Eli ya durƙusa a gefenta. Ta daɗe tana kallon 'yar, sannan ta nemo ni da ido.

"Baba. Na ji Mai Tari."

"Na'am."

"Tana ta zuwa, tana ta zuwa. Sai ta yi shiru."

Likita ya yi gyaran murya. "Injin ne ya mutu, Kezia. Haka suke yi, ba su da tabbas."

Ba ta ko dube shi ba. "A kwami ka tsaya, ko?"

Hannuwana na kan cikinta har lokacin. Ƙarya ba ta taɓa shiga tsakanina da ita ba.

"A kwami na tsaya."

Sai ta yi murmushi, irin na ranar kasuwa. "Na faɗa wa Eli. Na ce Baba ba zai iya wuce kwami ba." Ta lumshe ido. "Ka ƙirga ɗari?"

Na ci gaba da dannawa. Ba ta kuma sake magana ba. Agogon bene na buga uku Likita ya dafa kafaɗata ya ce, "Saki, Jabez." Sai da ya faɗa sau uku.

Da yamma Eli ya ɗaura wa dokinsa keken gona ya sauko da mu. Muka wuce motar a bakin kwami, ruwan sama ya taru a kujerunta. A ƙofar gida, bayan Eli ya juya, na tambayi Likita abin da ke cina.

"Da mun iso sha ɗaya, da hannunka biyu?"

Ya daɗe yana kallon hannun da ke rataye a gyale.

"Ban sani ba. In na ce maka da ta rayu, ban sani ba. In na ce da duk ɗaya ne, shi ma ban sani ba. Abin da na sani, 'yar nan da hannunka ta fito."

Ga mutanen gari kuwa Likita cewa ya yi inji ne ya mutu, aka yi ta tsine wa Mai Tari a maƙera da ƙofar coci. Eli ya ji gaskiya da kunnensa, amma bai faɗa wa kowa ba. Aka binne Kezia ranar Asabar kusa da uwarta. Dawakan maƙwabta biyu suka jawo motar gida, na tura ta barga a gurbin Damson, na rufe ƙofa.

Kwana tara bayan haka Cadwallader ya kawo saƙo. Jaririyar ta ƙi madarar saniya, tana ramewa. Likita ya samo wata mata a Hopesley, Misis Beddoes, wadda nata jaririn ya rasu, ta yarda ta je ta shayar. Gadar kwari ba a gyara ba. Likita ya same ni a barga, hannunsa a ɗaure da katako.

"Zan iya aikawa a nemo keken doki," ya ce. "Sai dai gobe."

Na tashi na buɗe ƙofofin bargar duka biyu. Na mayar da hannun wuta baya, na murɗa.

Misis Beddoes ba ta taɓa shiga mota ba, ta ƙanƙame ƙunshin kayanta tana karanto addu'a. A gindin tudu na buɗe wuta. Muka wuce gonar farko, na sauya giya, muka sha kwana. Bugun ya fara ja baya. Tuf... tuf... Ga haki, ga rawar jiki, ga tururi. Ga kwamin a hagu.

Hannuna na dama ya tashi da kansa ya nufi birki. Na cusa shi a ƙarƙashin cinyata na zauna a kansa.

"Malam Preece, za ta mutu!" matar ta yi ihu.

Ba ta mutu ba. Ta wuce kwamin tana tari, ta wuce inda Major ya faɗi, ta wuce inda Likita ya suma. Ko sau ɗaya bugunta bai ɗauke ba. Da hanyar ta kwanta sai ta murmure, tuf-tuf-tuf, kamar ba ita ba. Na duba agogon da Likita ya ara mini. Daga kwami zuwa ƙofar shingen Eli, minti tara.

Eli na tsaye a wurin da jaririyar cikin bargo, tun daga nesa ya ji mu. Misis Beddoes ta sauka ta karɓe ta ta shige ciki da sauri. Shi kuma ya tsaya yana kallon motar, yana kallona.

"Ta hau," ya ce.

"Ta hau."

Na kashe injin. Ban sauka ba. Ina nan zaune riƙe da agogon har kukan jaririyar ya tsaya a cikin gida.